Yadda Ake Zuwa Kallon Kunkurun Teku a Gaɓar da Yake Saka Ƙwai

Akwai nau'in kunkurun teku da macensa takan shekara 20 zuwa 30 a cikin ruwa ba ta taka tudu ba, tun daga daren da ta fashe ƙwai ta gangara teku. Ranar da cikinta ya nuna, sai ta nufi yankin da aka ƙyanƙyashe ta, ko da kuwa tsakaninsu dubban kilomita ne. Ta jira dare ya raba, ta jawo jikinta kan rairayi da ƙyar, ta haƙa rami, ta zuba ƙwai wajen 100, ta binne, ta koma inda ta fito. Aikin duka ba ya wuce awa ɗaya zuwa uku. Wannan ɗan lokacin ne mutane ke ƙetare ƙasashe don su gani, kuma hasken waya guda ɗaya ya isa ya sa ta juya ba ta saka ko ƙwai ɗaya ba. Saboda haka ka san tun yanzu cewa a wannan tafiya kunkuru ne ke yanka lokaci. Watan tashinka, wurin kwananka, har launin rigar da za ka sa, duk daga wajensa za ka ɗauko su.

Mataki na farko: uwa kake son gani ko 'ya'ya?

Kallon iri biyu ne, kuma ba lokaci ɗaya suke kankama ba. Ƙwai yakan yi kusan wata biyu a cikin yashi kafin ya ƙyanƙyashe. Wanda ya je farkon kakar zai ga iyaye mata suna fitowa, amma ba zai ga 'ya'ya ba. Wanda ya makara ya je ƙarshe zai tarar da 'ya'ya kaɗai. A tsakiya akwai 'yan makonni da abin yake haɗuwa, uwa tana haƙa a nan, ƙananan suna ɓullowa a can. In hali ya yi, waɗannan makonnin nake ba da shawara.

Sai kuma nau'i. Guda bakwai ne a duniya, amma huɗu ne matafiyi ya fi cin karo da su. Akwai koren kunkuru, wanda sunansa ya samo asali daga launin kitsensa, domin ƙoƙon bayansa ba kore ba ne. Akwai mai ƙaton kai. Akwai ɗan ƙarami mai launin zaitun, wanda ya shahara da fitowa dubbai a dare ɗaya. Sannan ga babbansu, mai bayan fata, wanda ba shi da ƙoƙo mai tauri, tsawonsa kan kai mita biyu, nauyinsa kuma ɗaruruwan kilo. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da wannan a cikin duhu ya san ba ƙaramar halitta ba ce.

Mataki na biyu: haɗa wuri da wata

Nan ne mafi yawan mutane ke yin kuskure. Su zaɓi ƙasa, su sayi tikiti a lokacin hutunsu, su isa su tarar da gaɓa fayau. Ka fara da watan da kake da sarari, sannan ka nemi gaɓar da ta dace da shi.

In tsakanin Yuni da Oktoba ne, kana da zaɓi mai yawa. Tortuguero, a gefen tekun Karibiyan na ƙasar Kosta Rika, na daga cikin manyan matattarar koren kunkuru a duniya, kuma kakarsa daga Yuli ce zuwa Oktoba. Mota ba ta shiga garin, sai kwalekwale ko ƙaramin jirgin sama. A can masanin nan ɗan Amurka, Archie Carr, ya fara bibiyar kunkurayen tun shekarun 1950, shi ya sa tsarin kallon wurin ya zauna da gindinsa. A Oman akwai Ras al Jinz, kusa da birnin Sur, a can ƙuryar gabashin yankin Larabawa. Koren kunkuru yana fitowa a nan kusan duk shekara, amma ya fi yawa a watannin zafi, daga Yuni zuwa Satumba, kuma ana fita kallo sau biyu, da dare da kuma asuba. A tsibiran Kabo Berde da ke tekun yammacin Afirka, musamman Boa Vista da Sal, mai ƙaton kai ne ke mamaye gaɓa a wannan lokacin, Agusta ne tsakiyar abin.

In kuwa daga Nuwamba ne zuwa Maris, ka dubi kudu. Gabon ce ke da mafi girman taron mai bayan fata da aka sani, kuma Disamba da Janairu ne ƙololuwarsa. Gandun Pongara yana tsallaken ruwa daga Libreville, da jirgin ruwa ake zuwa. Mayumba kuma tana can kudu kusa da iyakar Kwango, ta fi wahalar isa, ta kuma fi shiru. A Ostireliya akwai Mon Repos kusa da garin Bundaberg, inda iyaye ke fitowa daga Nuwamba zuwa Janairu, 'ya'ya kuma daga Janairu zuwa Maris. Gaɓar iSimangaliso a Afirka ta Kudu ma a wannan zangon take.

Daga Maris zuwa Agusta, ƙauyen Grande Rivière a Tirinidad shi ne wurin mai bayan fata. Gaɓar gajera ce, ba ta fi kilomita ɗaya da 'yan kai ba, amma a tsakiyar kaka ɗaruruwa kan fito a dare guda, har wata ta tone ramin wata.

Akwai abin da ake kira aribada, kalmar Sifaniyanci ce mai nufin isowa. Kunkuru mai launin zaitun ne ke taruwa a bakin ruwa, rana ɗaya su afko gaɓa dubbai bisa dubbai, kwana da kwanaki. Ana ganin haka a Ostional ta Kosta Rika, galibi da damina kuma wajen ƙarshen wata lokacin da duhu ya fi yawa, da La Escobilla a Meziko, da bakin kogin Rushikulya a jihar Odisha ta Indiya a wajen Fabrairu da Maris. Sai dai babu mai iya ba ka ranar. Wanda ya ɗora duk tafiyarsa kan aribada ya tanadi kwanaki masu yawa da zuciyar da za ta iya komawa ba ta gani ba.

Ka kuma lura cewa ba kowace gaɓar ƙwai ake kallon dare a cikinta ba. A İztuzu ta Turkiyya ana rufe gaɓa daga ƙarfe 8 na dare zuwa 8 na safe a lokacin kaka, haka ma gaɓar Laganas a tsibirin Zakintos na Girka ba a shiga da dare. Wurare ne masu kyau, amma in burinka ka ga ana saka ƙwai, ba nan za ka nufa ba.

Mataki na uku: ɗan jagora, izini da masauki

Kada ka shiga gaɓar ƙwai da dare kai kaɗai. A wurare da yawa laifi ne. A Tortuguero sai da jagora mai lasisi, a Tirinidad sai da takardar izini, a Mon Repos sai ka kama gurbi tun da wuri domin adadin mutanen kowane dare ƙayyadadde ne. Ko inda doka ba ta hana ba, idon da bai saba ba ba ya bambanta kunkurun da ke neman wuri da wanda ya fara zuba ƙwai, kuma duk maganar a kan wannan bambancin take.

Kafin ka biya kowa, ka yi masa tambayoyi. Mutum nawa ne a ayari? In ya wuce goma zuwa goma sha biyar a kan kunkuru ɗaya, ya yi yawa. Ana yarda da hoto? Ana taɓawa? Wanda ya ce maka za ka riƙe jariri a hannu ka ɗauki hoto, ko ya yi maka alkawarin lalle sai ka gani, ka nemi wani. Mai gaskiya zai ce maka dabbar daji ce, tana iya fitowa, tana iya ƙi. Ka tambaya kuma ko 'yan garin ne ke jagorancin. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai, domin a gaɓoɓi da yawa waɗanda ke gadin ƙwan a yau su ne 'ya'yan masu tone shi a da, wasu ma su da kansu ne. Kuɗin da ka ba su ne ke sa kunkuru mai rai ya fi matacce daraja a garin.

Ka ware aƙalla dare biyu ko uku. Ruwan sama, haukan igiya, ko rashin sa'a kawai na iya cinye maka dare ɗaya.

Wajen masauki, dubi fitilunsa. Otal ɗin da ya haske gaɓa da fararen fitilu har asuba yana korar iyaye, yana ɓatar da 'ya'ya. Wanda ya san abin da yake yi za ka ga fitilunsa na waje ja ne ko ruwan goro, sun sunkuya ƙasa, ɗakunan da ke kallon teku kuma suna da labule mai kauri. Kai ma ka ja naka labulen da zarar magariba ta yi.

Mataki na huɗu: kayan da za ka ɗauka

Ba su da yawa. Tufafi masu duhu, dogon hannu da dogon wando saboda sauro da ƙananan ƙudajen yashi. Takalmi rufaffe, don za ka yi tafiya cikin duhu a kan itatuwan da ruwa ya kawo. Rigar ruwa mara nauyi, da gorar ruwan sha. Maganin sauro ka shafa tun a ɗaki, turare kuma ka bar shi. Tocila ba taka ba ce, jagora yana da tasa mai jan haske. In ƙasar tana neman katin rigakafin shawara, kamar Gabon, ko akwai zazzaɓin cizon sauro a yankin, ka ga likita makonni kafin tashi. Yaro ƙarami da ba zai iya zama shiru awa biyu ba, gara a kai shi kallon asuba.

Mataki na biyar: daren kansa

Yawancin daren jira ne. A wuraren da suka tsara abin da kyau, ana zaunar da ku a bayan gaɓa, masu sintiri su riƙa zagawa, sai sun ga wadda ta kai lokacin da za a iya matsowa sannan su kira. Kana iya yin awa biyu a zaune kana jin ƙugin teku kawai. Ka kashe waya gaba ɗaya, ka sa ta a jaka. Bayan minti ashirin idonka zai saba, ka fara ganin farin kumfar igiya da layin da ya raba ruwa da sama.

Ka fahimci abin da take yi, don ka san dalilin kowace doka. Da farko takan tsaya a bakin ruwa, ta ɗaga kai, ta saurara. A wannan lokacin da lokacin da take hawa, ba abin da ya fi ta tsoro. Motsi kaɗan, haske kaɗan, sai ta juya. Na taɓa ganin haka da idona. Muna zaune, wata ta riga ta yi rabin hanya, sai wani daga cikinmu ya zaro waya don duba lokaci. Hasken bai yi daƙiƙa uku ba. Ta tsaya cik, ta yi jim, ta karkata a hankali ta bi sawunta ta koma ruwa. Babu wanda ya ce uffan, jagoran ma sai ya sunkuyar da kai. Wadda aka kora haka takan sake gwadawa a daren ko washegari, amma kowace fitowa ƙarfi take ci mata, kuma in korar ta yi yawa tana iya sakawa a wurin da ruwa zai cinye ramin, ko ta zubar da ƙwan a teku.

In ta sami wurin da ya yi mata, sai ta share yashi da hannayen gaba, ta yi wa jikinta kwari. Daga nan ta koma ƙafafun baya, masu faɗi kamar filafilin kwalekwale. Nan ne abin mamakin yake. Ba ta ganin abin da take yi, amma takan zura ƙafa ɗaya, ta naɗe ta kamar tafin hannu, ta ɗebo yashi ta ajiye gefe, ta sauya ɗaya ƙafar, haka bi da bi har ramin ya kai zurfin rabin mita ko fiye, bakinsa tsuke, cikinsa faɗi kamar tulu.

Sai ta fara zuba ƙwai sannan jagora zai ce ku matso, domin a lokacin hankalinta ya tafi, ba kasafai take fasawa ba. Ta baya ake zuwa, a durƙushe, ba a tsayawa gaban fuskarta. Jagora zai haska ramin kaɗai da jan haske. Za ka ga ƙwan suna faɗowa biyu-biyu, uku-uku, farare, jiƙaƙƙu, girman ƙwallon tebur. Ɓawonsu laushi gare shi kamar fata, shi ya sa ba sa fashewa. Mai bayan fata nata sun fi girma, a ƙarshe kuma takan ƙara da wasu ƙanana marasa gwaiduwa. Za ka ji numfashinta, dogon nishi mai nauyi, ta yi shiru, ta sake. Za ka ga ruwa mai kauri yana bin idonta. Mutane kan ce kuka take yi, amma gishirin da ya taru a jikinta ne take fitarwa, a cikin teku ma haka take yi.

Kada ka taɓa ta, kada ka taɓa ƙwan. Maganar hoto kuwa, a Tortuguero an hana kyamara da dare kwata-kwata, wasu wuraren suna yarda in babu walƙiya. Ni dai ina ganin ko an yarda, barin shi ya fi. Hoton duhu ba ya fita, kuma wanda ke fama da waya ya rasa abin da ya zo gani.

Da ta gama, sai ta mayar da yashi da ƙafafun baya, ta daddanna, sannan ta shiga watsa yashi ko'ina da hannayen gaba don ta ɓatar da wurin. Ku ja da baya, yashin yana zuwa da ƙarfi. Ku buɗe mata hanya, kada kowa ya shiga tsakaninta da ruwa. Takan ja jiki kaɗan ta huta, ta sake ja, har igiya ta ɗauke ta. Bayan kamar mako biyu za ta dawo ta sake wani ramin, sau da yawa a kaka ɗaya, sannan ta ɓace shekara biyu ko uku.

Mataki na shida: in ka dace da 'ya'ya

Zafin yashi ne ke yanke jinsinsu. A wajen digiri 29 na ma'aunin Salshiyas ake samun maza da mata kusan daidai, in ya fi haka zafi mata su rinjaya, in ya yi sanyi maza. Bayan sun fashe ƙwai sukan yi kwanaki suna tono sama tare, su tsaya dab da baki har sai yashi ya huce, alamar dare ya yi. Sai wurin ya ɗan lotsa, kai ɗaya ya leƙo, nan da nan ramin ya tafasa da su, kowanne bai fi tsawon ɗan yatsa ba.

Suna bin ɓangaren da ya fi haske a sararin sama, wanda a gaɓar da babu fitila shi ne teku. Fitilar titi ko ta otal ko tocilarka sai ta ja su tudu, su gaji, ƙaguwa da tsuntsaye da karnuka su same su, ko rana ta fito ta busar da su. Don haka ka tsaya wuri ɗaya a bayansu, kada ka ɗaga ƙafa sai ka tabbatar da abin da ke ƙasa, musamman in igiya ta dawo da su kusa da kai. Tausayi zai ce ka ɗauke su ka kai ruwa. Kada ka yi. Ka bar su su yi tafiyar da kansu. In ka ga wanda ya nufi tudu ko ya faɗa rami, ka kira jagora.

Akwai wuraren da ke tara 'ya'yan a cikin kwatami kwana da kwanaki don baƙi su biya su saki da rana. Ka guje su. Ɗan kunkuru yana fitowa da ɗan guzurin gwaiduwa a cikinsa, wanda zai yi iyo da shi babu tsayawa kwana guda ko fiye har ya fita daga ruwan gaɓa mai cike da maƙiya. In ya ƙone guzurin yana zagaye a kwatami, ya shiga teku babu guzuri. Dama ƙiyasin da masana suka fi ambata shi ne ɗaya cikin 1,000 ke kaiwa girma. Wurin ƙyanƙyasa na gaskiya yana kwashe ƙwan da ke cikin haɗari ne kawai, ya kuma saki 'ya'yan a daren da suka fito.

Da rana ma gaɓar tasu ce

Ƙarƙashin yashin da kake takawa akwai ramuka cike da ƙwai. Ka zauna kusa da ruwa inda yashi yake jiƙe, kada ka kafa lema a sama wajen busasshen yashi, kada ka kunna wuta, kada ka yarda a shiga da kai a mota ko babur. Ramin da yara suka haƙa a cike shi kafin a tashi, kujeru a kwashe. Leda kuwa ka tsince ko ba taka ba ce, domin mai bayan fata yakan ɗauke ta a matsayin abincinsa ya haɗiye. Kafin ka shiga wanka ka tambaya, yawancin irin waɗannan gaɓoɓin ruwansu yana jan mutum, Tortuguero na cikinsu.

A kasuwa za a iya nuna maka awarwaro, mataji ko 'yan kunne masu ɗigon ruwan zuma da baƙi. In daga ƙoƙon kunkuru mai bakin shaho aka yi su, kada ka saya. Duk kunkurayen teku suna cikin rukunin farko na yarjejeniyar CITES, wadda ta haramta cinikinsu tsakanin ƙasashe, kuma jami'an kwastan na iya ƙwacewa su ci ka tara. Haka ƙwai da nama in an kawo maka tayi.

Ina nanata waɗannan ne saboda an ga inda sakaci ya kai. A Rantau Abang ta Maleshiya, a shekarun 1950 ana ƙirga ramukan mai bayan fata wajen 10,000 a shekara. Aka yi ta kwashe ƙwan ana sayarwa, tarun masunta na kashe iyaye, 'yan kallo suna haska su, suna hawa bayansu. Kafin a shiga shekarun 2000 sai ɗaiɗai, daga baya shekaru kan wuce ba a ga ko ɗaya ba. A Ostional ma, a Satumban 2015, ɗaruruwan baƙi suka cika gaɓa ana tsakiyar aribada, suna ɗaukar hoto, suna ɗora yara a bayan kunkuraye, da yawa suka juya ba su saka ba. Bayan haka hukuma ta ƙara tsaurara shiga sai da jagora.

Kafin ka bar garin, ka tashi da asuba ka bi gaɓa tun ƙafafu ba su tattake ta ba. Za ka ga sawun daren jiya kamar na tayar tarakta, daga ruwa zuwa tudu, daga tudu zuwa ruwa. Na koren kunkuru hagu da dama a jere suke daidai, don hannu biyu take ja lokaci ɗaya, da ɗan layin wutsiya a tsakiya. Na mai ƙaton kai a saɓe suke, ɗaya gaba ɗaya baya. Na mai bayan fata ya fi kowanne faɗi, yakan kusa mita biyu. In sawun ya ƙare a wurin da aka hargitsa yashi sosai, ta saka. In ya yi lanƙwasa ya koma babu tono, ta fasa. Ka bi ta gefensa, kada ka taka, domin masu ƙirga suna tafe da littafinsu kuma da wannan sawun suke aiki.